Dararen Hazo a Ketare

Asabar, 9 ga Disamba, 2023

Da muka fito daga sallar asuba, Gamzaki na tsaye a gabas, siririn wata na kusa da shi. Sama garau. Na jingina waya a kan katanga na ɗauke su, hoton ya fito har da duhun cikin watan. Amma hankalina yana kan daren Alhamis mai zuwa, daren zubar taurarin da ake kira Jeminid, masu fitowa ta wajen burujin Jauza'u. Duk shekara suna zuwa tsakiyar Disamba, sai dai sau da yawa farin wata kan dusashe su. Bana wata zai ɓuya tun daren Talata, don haka duhu zai samu sosai. Masu lissafi sun ce inda sama take fes, mutum kan iya ƙirga har 120 a awa guda. Na yi wa ƙanena alkawarin zan tashe shi.

Lahadi, 10 ga Disamba

Iska ta juya da hantsi. Kafin la'asar kukokin bayan gari sun ɓace, rana ta zama kamar farin faifai da aka rataye, ba zafi ba inuwa. Da dare na hau soro. Tauraron Mushtari kaɗai na samu, shi ma don da ƙarfe tara yana tsakar kai ne, inda ƙurar ta fi sirantaka. Suhailu, wanda yake ƙasa-ƙasa ta kudu, ko alamarsa babu. Haka hazo yake cin sama, daga gefe yake farawa.

Litinin, 11 ga Disamba

Wani abokina da ke Zariya ya kira, ya ce in fita bayan gari, can nesa da hayaƙi da fitilu, wataƙila in dace. Shawara ce mai kyau a littafi. Yau shekara 3 cif da daren da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara fiye da 300 cikin daji. An sako su bayan kwana 6, amma tun kafin nan har yau, daga nan zuwa Faskari da Sabuwa, babu mai hankalin da zai ɗauki tabarma ya nufi gona da tsakar dare don kallon sama. Abin yana ci mini rai. A Turai da Amurka mutane kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, su biya kuɗi, don su sami duhun da muke da shi a bakin gonakinmu, mu kuwa an raba mu da shi. Ko a cikin gari ma sai da na je na gaya wa 'yan sintirin unguwa cewa in sun ga mutum a kan soro da wani abu a ido, ni ne. Shugabansu ya ce, «To Malam, amma ban da haska tocila.» Na ce ai ni ma tocila abokiyar gabata ce.

Talata, 12 ga Disamba

Hazo ya ƙara kauri. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, kowa na neman man kaɗe. Da magariba na tarar da Baffa yana jin ɗumi a zaure, na zauna ina ƙorafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, «Kai yaro, wannan ƙurar da kake zagi ita ce takin gonarka. In hunturu bai yi ba, damina ba ta kyau, mangwaro ma ba ya fure.»

Ban yi masa musu ba, domin batun takin yana da tushe. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda a da can ruwan babban tafkin Chadi yake kwance. Da ruwan ya ƙafe ya bar farar laka, gawarwakin ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas kan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi lakar nan ta yo kanmu, wata ma ta ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon. Babu wurin da ya kai Bodele tayar da ƙura a duniya. Ita ce take hana jirage sauka a Kano da Katsina wasu ranakun, ita ce kuma take tsakanina da taurari.

Na tambayi Baffa yadda su suke yi da lissafin taurarin noma in sama ta rufe haka. Ya ce ai ba sai an gani ba. Taurari 28 ne, kowanne kwana 13, ɗaya ne mai 14, malamai suna riƙe da lissafin a takarda. Shi dai abin da yake dubawa da idonsa Kaza da 'Ya'yanta ce. Na ji daɗin hirar, amma ni ganin nake so.

Laraba, 13 ga Disamba

Na gwada hoto duk da haka. Na kifa turmi a kan soro, na tokare waya da ɓarin bulo tana kallon sama, na buɗe idon kyamara na daƙiƙa 20. Abin da ya fito jan-jan ne, launin ƙasa, da ɗigo biyu uku. Dalilin shi ne ƙura ba tare hasken taurari kawai take yi ba, tana kuma kama hasken ƙasa ta watsa shi. Fitilar sola guda ɗaya a ƙofar masallaci, wutar masu shayi, hayaƙin kara da ake ƙonawa, duk sun haɗu sun shafe hoton. A daren da sama take fes, fitilar nan ba ta dame ni. Ga sanyi yana shanye batir, yatsu sun ƙage har na kasa danna allon. Da na sauko na ga gilashin kyamarar ya yi fari. Ba a goge shi da gefen riga, ƙurar tana karce shi. Hurawa ake yi tukuna.

Wanda yake son sama a ƙasar nan yana tsakanin abu biyu. Da damina, in ruwa ya ɗauke ya wanke iska, taurari kan fito har su ba mutum tsoro, amma sai hadari ya rufe su dare bayan dare. Da rani babu girgije, sai ƙura. Tsakanin ƙarshen Oktoba da Nuwamba ne muke ɗan samun sarari, shi kuma ba ya daɗewa.

Alhamis, 14 ga Disamba

Da magariba mutane sun tsaya a ƙofar masallaci suna neman jinjirin wata a yamma. Wasu samari sun ce sun hango shi, ni ban gan shi ba.

Iska ta kwanta bayan isha'i. Wajen ƙarfe ɗaya na fito, sai na ga tsakiyar sama ta ɗan buɗe: taurari ukun nan da suke jere, Shi'ira tana ƙyalli a ƙasansu, Kaza ta karkata yamma. Na tashi ƙanena, muka kwanta rigingine cikin bargo ɗaya. Ƙananan masu zubowa duk ƙura ta cinye su, manyan ne kawai suke ratsowa, jefi-jefi. Can sai wani ya tsaga daga tsakar kai ya nufi kudu, fari tas, ya bar layi na ɗan lokaci. Yaron ya damƙe hannuna ya ce, «Yaya, tauraro ya faɗi! A ina zai sauka?» Na ce masa ba tauraro ba ne, tsakuwa ce da sau da yawa ba ta fi ƙwayar gero ba, daga ɓarɓashin wani dutsen sararin samaniya mai suna Fayeton da aka gano a 1983. Gudu ne yake ƙona ta tun tana can sama, ba ta isowa ƙasa. Ya yi shiru, sannan ya ce Inna ta ce shaiɗanu ake jifa. Na ce ya riƙe maganar Inna, ya kuma ci gaba da kallo.

Wayar tana kan turmi tana ɗauka, amma ta kalli wani ɓangaren. Kafin ƙarfe uku hazo ya dawo, haƙoran yaron suna kaɗawa, muka sauko.

Juma'a, 15 ga Disamba

Mura da tari, mu biyu. Inna ta dafa mana citta da kanumfari, ta ce kada ta sake jin motsi a soro.

Lahadi, 17 ga Disamba

Wata ya yi ƙwari, yau yana kusa da tauraron Zuhalu. Daga tsakar gida na dube su da madubin hangen nesa, watan ja, Zuhalu da ƙyar. Na binciki hotunan daren Alhamis ɗaya bayan ɗaya, babu layi ko guda. Ƙanena ya zo da tsohon littafin lissafinsa, ya tsaga shafukan da aka rubuta, ya ja layi uku: rana, yanayin hazo, abin da aka gani. Ya ce in gaya masa ranar da wata zai je kusa da Mushtari. Na ce Juma'a, 22 ga wata. Ya rubuta, ya tafi neman izinin Inna.