Gawa Uku da Ban Gani Ba

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na sha kawo ta a jarrabawa, amma ban san nauyinta ba sai ranar da na kashe mutum uku a kan takarda, alhali ko ɗaya bai mutu ba. Ganin yadda ɗalibanmu da yawa ke sha'awar aikin jarida ya sa na ga ya kyautu in ba da labarin wannan rana, ko Allah ya sa wani ya kauce wa ramin da na kusa faɗawa.

A lokacin ina ɗalibi, na sami gurbin koyon aiki a wata ƙaramar jarida a wani babban gari na ƙasar Yarabawa. Da yake mu biyu ne kawai masu jin Hausa a ofishin, ni da wani dattijo mataimakin edita, sai aka ɗora mini nauyin unguwar Sabo da kasuwar gwari, inda 'yan Arewa ke sauke tumatir da albasa da tattasai. Wata rana da hantsi na isa kasuwar na tarar ta hargitse. Mutane na ta gudu, mata na rufe rumfuna, ƙasa kuwa ta yi jajawur. Na tare wani mai tura baro na tambaye shi abin da ke faruwa, ya ce mini faɗa ake yi tsakanin Hausawa da Yarabawa, wai an ce har an kashe namu uku. Ban ƙara tambayar kowa ba. Na ɗare acaɓa na koma ofis, na zauna na tsara labari mai zafi, zuciyata cike da murnar gobe sunana zai fito a shafin farko.

Dattijon ya karanta a tsanake, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ka ga gawarwakin?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "Wanda ya gaya maka fa, shi ya gani?" Na ce shi ma ji ya yi. Ya ce, "To su wane ne mamatan? Ina aka kai su? Wane liman ya yi musu salla? Kai Bahaushe ne, ka san ba mu barin gawa ta kwana sai dole." Na yi tsuru-tsuru, na rasa amsa ko guda.

Daga nan ya tuna mini da rikicin Shagamu ta jihar Ogun a watan Yuli na 1999, wanda cikin 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayyarsa a Kano, a kan mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Ya ce labarin da aka rubuta a Kudu yakan riga marubucinsa isa Arewa, kuma ba ya tsayawa a inda aka aike shi. Nan take na tuno da telan unguwarmu a gida, wani Bayarabe da ya ɗinka mini kayan salla tun ina yaro, 'ya'yansa kuwa ba su da wani gari sai namu. Sai na ji jikina ya yi sanyi.

Ya mayar da ni kasuwa. Na je caji ofis, na je asibiti, na je gidan Sarkin Hausawa, na gana da limamin unguwa. Abin da na gano shi ne, wata babbar mota ce ta ja da baya ta take kwandunan wata mata, gardama ta kaure tsakanin yaran mota da 'yan dako, aka fasa wa mutum ɗaya kai, aka ɗinke shi aka sallame shi. A kowane ɓangare akwai Hausawa, akwai Yarabawa. Jan da na gani a ƙasa kuwa tumatir ne. Washegari labarin ya fito cikin layi biyar a wani lungu na shafin ciki, babu ko sunana. A ranar na ji haushi. Yau kuwa babu aikin da na fi gode wa Allah a kansa kamar waɗannan layuka biyar.

Ya kai mai sha'awar wannan sana'a, ka sani jarin ɗan jarida shi ne amincewar jama'a, kuma wasu ne suka tara maka shi tun kafin ka zo. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, ba a banza aka raɗa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo ba. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4. Ran 19 ga Oktoba, 1986, bom da aka aiko cikin ƙunshin wasiƙa ya hallaka Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, a gidansa da ke Ikeja. Aikin da wasu suka shiga kurkuku, wasu suka rasa rayukansu a cikinsa, bai kamata a zubar masa da mutunci saboda jita-jita ba.

Saboda haka ga ɗan abin da na koya. Ka rarrabe tsakanin abin da ka gani, da abin da aka gaya maka, da abin da kake zato; na farko ka rubuta, na biyu ka bincika, na uku ka bar shi a cikinka. Kada ka dogara da bakin mutum ɗaya, ka nemi na biyu wanda ba daga na farkon ya jiyo ba. In za ka kawo adadin matattu ko masu rauni, ka faɗi wanda ya ba ka shi. Ka ji ta bakin wanda ake zargi kafin ka buga. Kada ka ambaci ƙabila ko addinin mutum sai in labarin ba zai fahimtu ba sai da shi. In kuma ka yi kuskure, ka gyara a fili, ba a ɓoye ba.

Ni na yi sa'a akwai dattijo tsakanina da injin buga jarida. A yau duk mai wayar salula yana iya watsa magana a Facebook ko WhatsApp cikin ƙiftawar ido, babu mai ce masa tsaya. Don haka tilas kowa ya zama dattijon kansa, ya tambayi kansa kafin ya aika: na ga gawar? Gani dai ya kori ji. Allah ya tsare mana harsunanmu da alƙalumanmu, ya sa mu gama lafiya, amin.