Ruwan Zartsi da Gilashi

Rijiyar gidan kakata, can arewacin Yobe, ruwan zartsi take bayarwa. Ko an tafasa shi ɗanɗanon kanwa ba ya barinsa, domin wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, gishiri kuwa sai ma ya ƙara kauri a tukunya. Da na kai shekarar ƙarshe a jami'a, wannan rijiya na ɗauka ta zama aikin bincikena.

Na'urar ba ta da wuyar haɗawa: akwatin katako, baƙin faranti a ciki, gilashi a karkace a sama. Rana ta dumama ruwan, tururi ya tashi ya bar gishiri a faranti, ya taru a jikin gilashi, ya gangara cikin jarka. Dabarar ta tsufa, don tun a 1872 aka gina babbar irinta a Las Salinas ta ƙasar Chile, saboda masu haƙar ma'adinai. Aibinta rowa. Akwatina mai faɗin murabba'in mita ɗaya, ko lita 2 bai cika ba a yinin farko.

Na rage zurfin ruwan zuwa kaurin yatsa biyu don ya yi saurin zafi, na cusa garin katako a ƙasan faranti don kada zafin ya zurare. An samu ƙari, sai dai da rana ta take, gilashin kansa yakan yi zafi har tururi ya rasa wurin sauka. Kwana uku ina lissafi a takarda, Kaka tana kallona daga gindin darbejiya.

“Kai ɗan nan,” ta ce, “randa ba ta sanyi sai ta yi gumi.”

Na ji kunya, amma na bi maganarta. Na cire katakon bayan akwatin na sa fallen kwano, na yi masa inuwa, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara. Tururi ya samu bango mai sanyi, abin da ke taruwa ya doshi lita 4.

Mutum 11 ne a gidan, kuma da hunturu ya shigo ƙura ta rage mana kusan rabi. Kaka ta ɗanɗana ruwan ta yamutsa fuska, wai salam yake. Ta juye shi a ƙaramar randa ya kwana, ta kuma hana kowa taɓawa sai yara biyu da aka yaye a bana. Kowace safiya ita ke goge gilashin da gefen zanenta.