Hajiya ta tambaye ni ko ta saida filinta don ɗanta ya tafi basket Amurka

Ranar Talatar da ta wuce, da na fito daga aiki a gidan rediyo, na biya ta wajen Petit Marché in sayi lemu da ayaba wurin Hajiyar da nake saye gare ta tun ina ɗan lise. Tun gobarar 2012 da ta cinye kasuwar ba ta sake samun rumfa tata ba, tebur ne da laima a bakin hanya. Ta ƙulla mini kayana, ta ƙi amsar kuɗi, ta ce, "Ɗana, zauna. Kai da kake maganar wasanni a rediyo, ina da tambaya."

Autanta shekararsa 17, yana ajin tarminal, tsawonsa ya kusa mita biyu. Wani mutum ya gan shi yana buga basket, ya ce zai samo mishi jami'a a Amurka, daga can kuma sai NBA. Kuɗin takardu da hanya miliyan uku na sefa. Hajiya ba ta da miliyan uku, amma tana da fili guda a bayan gari, shi ne abin da ya rage mata bayan gobara. Tambayarta ita ce, in yaro ya yi fice a jami'ar can, shi ke nan ya zama ƙwararre mai albashi?

Na ce mata a'a, Hajiya. Kuma ga dalilin da na ba ta, na ga ya dace in rubuta shi nan, don na san ba ita kaɗai ake zuwar wa da irin wannan magana ba.

NBA na ɗaukar sabbin 'yan wasa wajen 60 kacal a shekara, daga duk duniya. Jami'o'in da ke rukunin farko a Amurka sun fi 350, kowace da 'yan wasa fiye da goma. Ku yi lissafin da kanku. Ko cikin 60 ɗin, da yawa ba sa daɗewa.

Kuma wasan ma ba iri ɗaya ba ne, nan ne mutane ba su cika lura ba. A jami'a minti 40 ake yi, a NBA 48. A jami'a kuna da daƙiƙa 30 kafin ku jefa ƙwallo, a NBA 24. Wasannin jami'a talatin da 'yan kai ne a shekara, NBA 82, ban da na ƙarshen kaka. Layin maki uku a jami'a mita 6,75 ne, a NBA 7,24. Sai wata doka da ta karya dogaye da yawa: a jami'a dogon yaro na iya kafa kansa ƙarƙashin kwando yana ta kaɗe ƙwallaye, a NBA mai tsaro ba ya wuce daƙiƙa uku a wurin in ba wani yake riƙe da shi ba. Dole ya fito fili ya bi gajere mai gudu kamar barewa.

Abin da ya sami Hasheem Thabeet ke nan, ɗan Tanzaniya mai tsawon mita 2,21. A jami'ar Connecticut babu mai kusantar kwandonsa. A 2009 Memphis ta ɗauke shi na biyu, gaban James Harden da Stephen Curry. Kafin kakarsa ta farko ta ƙare an tura shi ƙaramin rukuni. Kafin shi akwai Michael Olowokandi, haifaffen Legas, wanda Clippers ta ɗauka na ɗaya a 1998 bayan ya haskaka a jami'ar Pacific. Ya yi shekaru yana wasa, ya ci kuɗinsa, amma yau in an ambace shi sai a matsayin zaɓen da aka yi da na sani.

Ana cikin haka yaron ya iso da jakar lakkol a kafaɗa. Sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙarƙashin laimar uwarsa. Ya saurara, ya ce, "Tonton, to Siakam fa? Ai shi ma bai fara da wuri ba."

Yaron ya san abinsa. Pascal Siakam na Kamaru ya fito daga jami'ar New Mexico State wadda ba ta cikin manya, Toronto ta ɗauke shi na 27 a 2016, a 2019 ya ci kofin NBA. Hakeem Olajuwon ma gola ne a ƙwallon ƙafa a Legas kafin ya taɓa basket, ya je jami'ar Houston, aka ɗauke shi na ɗaya a 1984, ya ci kofi 1994 da 1995. Na ce mishi duk gaskiya ne, ƙanena, amma dubi abin da ya bi su daga jami'a zuwa can. Ba yawan makin da suka zura ba ne. Saurin ƙafa ne, da iya tsare mutum kowane iri, da jure wa koyon sabon abu bayan an riga an ce maka gwani. Tsawo kuwa a can kowa na da shi. A Yamai in kana da mita biyu yara na bin ka a titi suna kallo, a NBA kai matsakaici ne.

Ni misalin da na fi so ma namu ne na gida, Abdoulaye Harouna, ɗan Yamai. Ya yi jami'ar Miami ta jihar Ohio, kuma a can ba shi ne tauraron kulob ba. NBA ba ta kira shi ba. Ya dawo ya buga wa Nigelec wasannin neman shiga BAL, gasar kulob-kulob ta Afirka. Da aka buɗe gasar a Kigali a 2021 FAP ta Kamaru ya buga wa, ya shiga sahun masu yawan zura maki. Daga nan AS Salé ta Maroko, daga nan ABC Fighters ta Abijan. Wato wanda jami'a ba ta nuna ba, filin ƙwararru ya nuna shi, akasin Thabeet ke nan. Shi ya sa duk wanda ya rantse miki, Hajiya, cewa ya san makomar yaro ɗan shekara 17, ƙarya yake. Masu biyan miliyoyin dala don su gane haka ma suna kuskure kowace shekara.

Ban ɓoye musu ba, ni ma na taɓa wannan mafarki. Lokacin wasannin Francophonie na 2005 a nan Yamai ina kolej, na koma gida na ɗaure bakin tsohon bokiti a jikin bedi. Tsawona ya tsaya a mita 1,74, Allah ya taimake ni da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne miliyan ukun. Jami'ar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke ɗaukar nauyin karatunsa, kuma sai ta ga takardun sakandare, sai ya iya Ingilishi. Yaron nan Faransanci ya yi, bak ma bai riƙe ba tukuna. NBA na da makaranta a Saly ta Senegal, kuma zaɓe ake yi, ba saye ba. Na tambayi yaron sunan jami'ar da mutumin ya ambata. Ya ce bai faɗa ba. Sunan mai horarwar can fa? Shiru. Hajiya ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da jera lemu.

Mun rabu a kan cewa ba za a taɓa fili ba har ya gama bak, kuma in mutumin ya sake kira a ba shi lambata, ina son in ji sunan jami'ar da kunnena. Yaron bai ji daɗi ba, ko sallama kirki bai yi mini ba. Amma jiya da dare ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa suna da wasa ran Asabar da la'asar, in zo in gani da idona ko yana da saurin ƙafar da nake ta faɗa. Na ce mishi zan zo. Mutumin kuwa ya kira Hajiya sau biyu tun ranar, ta ba shi lambata, har yanzu wayata ba ta yi ƙara ba.