Makokin Mera a Bakin Mutanen Gwandu da Kalgo

Masu iya magana sun ce mutuwa rigar kowa, kuma babu wanda ke musun haka. Amma mutuwar da ta zo a kan tabarma daban, wadda ta zo da ƙarar bindiga da rana tsaka daban. Ita ta biyun ce nake so in yi ɗan tsokaci a kanta a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, a matsayina na ɗan Gwandu mai neman ilimi a Kalgo.

Ranar Juma'a 8 ga Nuwamba, 2024, 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa suka shiga yankin Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, suka kora shanun mutane. Mazan gari suka yi gangami suka bi sawu, aka yi arangama a daji, inda mutum 15 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Mataimakin gwamna, Umar Abubakar Tafida, da Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, suna cikin waɗanda suka halarci jana'izar. A watan Janairu na 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyar a matsayin ta 'yan ta'adda.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai mutum bin mai bindiga saboda saniya? Amsar tana wurin manomi. Shanun huɗa su ne jarinsa, su ne bankinsa, da su zai aurar da ɗiya, da su zai kai mara lafiya asibiti. Wanda aka kore wa su a bakin kaka an kore masa abincin baɗi ke nan. Don haka ban ɗauki waɗannan bayin Allah a matsayin masu ganganci ba, mutane ne da suka fita kare abin da ke riƙe da gidajensu.

Mera ƙasar Kabi ce, mu kuwa ƙasar Gwandu muke, kuma duk ɗalibin tarihi ya san yadda Kabawa da mutanen Gwandu suka shafe yawancin ƙarni na 19 suna gwabzawa. Ko bikin kamun kifi na Argungu, ai ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta 1934 ake dangantawa da shi, watau alamar an binne tsohuwar gaba. Amma da labarin Mera ya iso, ban ji wanda ya ce abin na Kabawa ne ba. A masallatan Kalgo aka yi ta addu'a, a zaurukan Gwandu dattawa suka yi jugum, kowa yana faɗin “yau su, gobe mu”. Jikokin maƙiyan jiya sai ga su suna makoki ɗaya.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kalmomin ta'aziyya suka yi mana nauyi a baki. Mun saba cewa “ya haƙuri?” a amsa “haƙuri sai ma'aiki”, ko a ce “kwana ya ƙare”. Kalmomi ne masu sanyaya zuciya, kuma sun dace da imaninmu. Sai dai idan an faɗe su a kan mutum 15 da aka kashe rana ɗaya, akwai tsoron kada haƙuri ya rikiɗe ya zama shiru. Yarda da ƙaddara ba ta hana tambayar wanda aka ɗora wa amanar tsaron rayuka, musamman da yake an sace ɗalibai a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, an kuma sake a Maga a watan Nuwamban 2025.

Akwai wata asarar da ba a ƙidaya ta cikin gawawwaki. Mu ne masu cewa baƙonka annabinka, amma tun daga lokacin na lura baƙo a kan babur ya zama abin kallo da gefen ido. Makiyayin da muka taso muna sayen nono wurin matarsa, wanda shi ma ana kore masa shanu, ya fara shan kallon zargi. In muka bari tsoro ya raba mu da maƙwabci, to ɓarayin sun tafi da abin da ya fi shanu daraja.

Daga ƙarshe, ina kira gare mu ɗaliban Hausa. Zaman makoki kwana uku ne, takaba wata huɗu da kwana goma, maraici kuwa yana daɗewa. Mun iya zuwa ƙauye da rikoda neman tatsuniya da waƙar daka. Ya kamata mu je da izini da ladabi mu ji ta bakin waɗanda aka bari, mu adana, domin kada mamatan su ƙare a lamba kawai. Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.