KWANA BAKWAI A KAN TEKU: Abin da na gani a jirgin ruwan masu ƙaramin ƙarfi

Tun ranar da na kalli fim ɗin Titanic a kaset nake da buri guda: in tsaya a goshin jirgin ruwa, in buɗe hannuwa kamar yadda Jack da Rose suka yi, iska tana kaɗa ni. Na san ba ni kaɗai ba ne. Fim ɗin nan na 1997 ya shiga ran matasanmu har sai da aka yi namu na Hausa, Masoyiyata, a 2003. Indiyawa kuma suka ƙara mana kwaɗayi da irin su Mann na Aamir Khan da Dil Dhadakne Do na 2015, inda ake soyayya da rawa a saman jirgi.

To, Allah ya cika mani burina, ko in ce rabinsa. Wani abokina mazaunin Sifaniya ne ya bugo mani waya ya ce, “Malam, akwai jirgin da ke kwana bakwai yana zagaya Bahar Rum, ga ɗaki ga abinci, kuma kuɗinsa bai kai na otal ba.” Na ce araha haka? Ya ce ai watan Oktoba ne, Turawa sun gama hutu, farashi ya faɗi. Na tattara ’yan kuɗaɗena, na sha wahalar neman biza ta Schengen, na same shi a Basalona. Mai karatu, biyo ni ka ji yadda ta kaya.

Gari ne sukutum

Da muka isa tashar jiragen ruwa na ɗaga kai, sai da hulata ta kusa faɗuwa. Kai jama’a! Unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa, bene kan bene. Titanic da muke ta zuzutawa tsawonsa mita 269 ne, namu kuwa ya haura mita 300, kuma ba ya cikin na gaba-gaba. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 mita 365 ne, kuma a girman ciki ya ninka Titanic sau biyar. Mu fasinjoji mun haura 4,000, ma’aikata sun haura 1,000.

Shiga kanta aiki ce. Layi kamar na tantance alhazai: a karɓi jaka, a duba fasfo, a ɗauke ka hoto, sannan a miƙo maka wani ɗan kati. Riƙe zancen katin nan, za mu dawo kansa. Shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne shaidarka ta fita da shiga, shi ne kuma aljihunka, don ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgin.

Kafin a tashi sai da aka koya wa kowa yadda ake sa rigar ceto da inda zai je in an busa jiniya sau bakwai gajeru da ɗaya doguwa. Kada ka raina wannan. Titanic ya nutse a 1912 da kwale-kwalen ceto 20 kacal, aka rasa mutum wajen 1,500. A Janairun 2012 ma jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu, bayan nan ne aka wajabta yin wannan atisaye tun a farkon tafiya.

Ɗaki ba taga

Tikiti mafi araha ɗakin ciki ake ba ka. Tsaf yake, da gado da talabijin da ɗan banɗaki, amma babu taga ko ta leƙen asiri. In ka kashe fitila, ba ka san dare ba ba ka san rana ba. Ranar farko sai da na makara sallar asuba, daga nan na koma dogaro da ƙararrawar waya. Mai taga ya fi shi tsada, mai baranda ya fi duka. Ba a yarda ka shigo da dutsen guga ba saboda tsoron gobara. Masan kuwa, in ka danna, wata ƙara yake yi kamar zai zuƙe ka ka bi ruwa.

Alƙibla ma sai da dabara, don jirgi juyawa yake. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna inda ya dosa, da ita nake kintata gabas ta ɗan karkata kudu, in shimfiɗa dardumata a ɗan filin da ke tsakanin gado da ƙofa.

Ci har ka gaji

Maganar abinci, gaskiya ba su yi ƙarya ba. Akwai wani makeken zaure a sama inda za ka ɗebi abin da kake so tun safe har dare: shinkafa, taliya, kifi, ƙwai, burodi, kayan marmari. Sai dai cunkoso, malam! Da ƙarfe takwas na safe neman kujera kamar neman mota ranar jajibirin sallah. Da dare kuma akwai wani zauren na zama, inda aka ware maka tebur da lokaci, a kawo maka abinci kala-kala.

Musulmi sai ya buɗe ido. Naman alade yana ko’ina, har a cikin abin da ba ka zata ba, wasu miyoyin kuma da giya ake dafa su. Karanta ’yar takardar da ke gaban kowane kwano, in ba ka gane ba ka tambaya. Ni dai kifi da ƙwai na riƙe. Ka kuma tafi da yajinka, don abincinsu salam yake.

Araha ba ta ado

Yanzu mu dawo kan katin nan. A nan ne na gane inda arahar ta ɓuya. Kuɗin tikiti na ɗaki ne da abinci da kallon wasanni kawai. Lemon kwalba kuɗi, ruwan gora kuɗi, intanet kuɗi, wanki kuɗi, ganin likita kuɗi. Masu hoto suna bin ka suna murmushi, hoton kuma kuɗi. Ga kuɗin hidima da ake rubuta wa kowane babba kullum, sama da Yuro 10, ko ka nema ko ba ka nema ba. Tunda ba ka ga kuɗi suna fita daga hannunka, sai ka yi ta miƙa kati kamar ɗan sarki.

A rana ta uku na duba lissafina a talabijin, gabana ya faɗi. Ga kuma wayata da na manta ban kashe ba, ta kama layin jirgi mai shegiyar tsada ta cinye abin da ke ciki. Daga ranar na koma shan ruwan kyauta na zauren abinci. An kuma tsara jirgin yadda in za ka gidan wasa sai ka ratsa ta kantuna ko gidan caca, waɗanda ake buɗewa da zarar an bar tasha. Mai raunin zuciya ya yi hattara. Filin ninkaya na sama kuwa, kiɗa da tsiraici ne tun hantsi, mai kunya sai ya nemi wani lungun.

Goshin jirgin fa, inda zan yi tsayuwar Jack? Na je, na tarar da ƙofa a kulle, an rubuta ma’aikata kaɗai. Haka burin shekara da shekaru ya ƙare a bakin ƙofa!

Kowace safiya sabon gari

Daɗin tafiyar shi ne ka kwanta a wata ƙasa ka tashi a wata. A Marseille ta Faransa na ci naman halal na ƙoshi a kasuwar Noailles, wajen Larabawan Magrib. Daren da muka doshi can ne ma iska ta taso, jirgi ya yi ta tangaɗi, na kwana ina tsotsar citta. Daga Jenowa sai Civitavecchia, inda jirgin ƙasa ke kai mutum birnin Rum cikin awa ɗaya da ’yan mintuna. Kamfani yana sayar da yawon gari da motarsa, amma tsada. In ka fita da kanka ka kula da agogo, don in lokaci ya yi jirgi ba ya jiran kowa.

Masu son fim, ga naku. A Palermo na zauna a matakalar gidan wasan Teatro Massimo, inda aka ɗauki ƙarshen The Godfather kashi na uku na 1990. Da za mu shiga Malta kuma muka wuce ta gaban ganuwar Fort Ricasoli, inda aka gina filin dagar da kuka gani a Gladiator na 2000. Wani abin mamaki, harshen mutanen Malta ɗan’uwan Larabci ne, har hamsin ɗinsu irin tamu ce.

Waɗanda ba a nunawa a fim

Yaron da ke gyara mana ɗaki ɗan Indunusiya ne. Da ya ga dardumata sai ya yi mani sallama, muka saba. Ya ce watanni yake yi bai ga iyalinsa ba, aiki kullum babu ranar hutu, kuma can ƙasan jirgi suke kwana. Yawancin ma’aikatan daga Filifin da Indiya da Indunusiya suke. Sai na tuna ’yan ƙasan bene na Titanic. Ashe har yanzu akwai su, kuma guminsu na cikin abin da ya sa tikitina ya yi araha. Tun daga nan na daina ƙorafin kuɗin hidima.

Daren da muka bar Palermo muka nufi Malta na fita baya ni kaɗai. Duhu ne ko’ina, ruwa baƙi ƙirin, sanyi na ratsa ƙashi, a bayana kuma ana ta kiɗa. Abokina ya zo ya nuna kudu ya ce, “Libiya na can.” Jikina ya yi sanyi. Wannan ruwan ne yaranmu ke bi ta Agadas su zo su hau a kwale-kwalen roba. A Oktoban 2013, kusa da tsibirin Lampedusa, mutum fiye da 360 suka halaka a hatsari ɗaya. Ni da ke kan bene goma sha, da rigar ceto a ɗaki, tsoro ya kama ni, balle wanda ke iya taɓa ruwan da hannunsa. Ƙanina mai shirin bin wannan hanya, don Allah ka sake tunani.

In ka samu hali ta halal, je ka, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma ka ware wasu kuɗin daban bayan na tikiti, ka riƙa duba lissafinka kullum, ka kashe layin wayarka, ka kyautata wa ma’aikata. Hoton goshin jirgi kuwa, a bayan jirgi na ɗauki nawa, na buɗe hannuwa, wata tsohuwar Baturiya tana ta yi mani dariya. Allah ya sa mu dace, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.