Ni ne mawaƙin, ni ne ƴan amshi

Waƙar Mamman Shata ba ta mutum ɗaya ba ce. Ya rasu tun 1999, amma duk kaset ɗinsa da ka kunna, kafin ya rufe baki ƴan amshi sun cafe, kalangu na biye. Ni kuwa da na tashi maimaita wata waƙarsa ba ni da kowa sai portabul, da BandLab a ciki, da ɗakin da nake jira kabu-kabu su daina wucewa kafin in fara.

Akwai maɓallin da ke ninka murya. Ka rera sau ɗaya, ya ɗora maka wasu a sama da ƙasa, duk su tafi tare kamar mawaƙan coci. Da daɗi kam, ba ƙarya. Sai dai tare muke shaƙar numfashi, tare muke yin shiru, ba wanda ke jiran wani. Shi amshi ai karɓa ce: ka jefa, a tare maka, ka samu ka huta.

Sai na kashe shi. Na ɗauki jagora tukuna, na koma na amsa wa kaina sau huɗu, kowanne a layinsa. Sau ɗaya na ja da baya daga wayar, sau ɗaya na shaƙe murya irin ta tsoho, na bar ɗaya ta ɗan makara da gangan. Dare uku ya ci mini.

Da na kunna wa Inna, ta saurara har ƙarshe. Ta ce na biyun nan malalaci ne, in sallame shi.