Ina Injiniyan?

Mu biyu ne muka karanta aikin gini daga ƙauyukanmu da ke tsakanin Bichi da Dambatta, kuma duk inda muka sauka daga babur tambaya ɗaya ce ke tarbar mu: "Ina injiniyan?" Ga hular kwano a kan hijabi, ga zanen gini a hammata, amma idon birkila yana kan hanya, yana jiran namijin da zai biyo bayanmu.

Bara da rani, bayan an kai gero da dawa rumbu, aka tura mu duba ginin aji biyu a wata firamare. Muka ɗaga bulo ɗaya zuwa ƙugu muka sake shi, ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Buhun siminti mai kilo 50, wanda bai kamata ya wuce bulo 30 mai inci 9 ba, an ja shi har ya kusa ninka haka, kuma ba a ba bulon ruwa ba. A ƙarƙashin wannan bango ne ƙannenmu za su zauna da damina.

Shugaban maginan dattijo ne, sa'an mahaifanmu. Muka rusuna muka gaishe shi, muka ce, "Baba, bulon nan ba zai ɗauki linta ba."

"'Yan nan," in ji shi, "tun ba a haifi iyayenku mata ba nake gini. Ku samu inuwa ku zauna, in mai aikin ya zo ma yi magana."

Wani lebura ya ajiye kwanon sarki ya ce gara mu je mu damo musu fura. Aka kwashe da dariya. Ɗan kwangilar kuwa a waya cewa ya yi, "Hajiya, a bar maza su yi aikinsu."

Nan muka yi abin da har yau muke jin kunyarsa. Muka roƙi wani abokin karatunmu, wanda sau biyu muna cin jarrabawar da ya faɗi, ya zo ya maimaita maganarmu. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, injiniya, yanzu na ji batu." Mu da kanmu muka amsa musu tambayarsu.

Bulon dai bai canza ba, don haka muka ƙi sa hannu a takardar biya. Sai maganar ta bar filin aiki ta shiga zauren gidajenmu. Kawu ya zo ya ce an ga 'ya'yanmu suna ɗaga murya gaban dattijo a tsakiyar maza. Goggo ta ce wa zai auri mace mai hawa tsani? Tata ta fi ciwo, domin ita ce gwanar daɓe a unguwarmu.

Abin da ake mantawa ke nan. A ginin gargajiya maza ke buga tubali su jera azara, amma daɓen ɗaki na mata ne. Su ke zuba tsakuwa, su jiƙa makubar ɗorawa, su durƙusa da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi santsi. Babu wanda ya taɓa tsayawa a ƙofa ya ce musu ina namijin. Da siminti ya zo, kuɗi suka shigo aikin, sai ƙasan ɗakin ma ya zama na maza. Muna tuna Babban Gwani Mika'ilu da masallacin Juma'ar Zariya, kuma ya cancanta. Sunan gwanar daɓe kuwa ba ya wuce katangar gidansu. Ba mu kaɗai ba ne: ƙungiyar injiniyoyin Najeriya da aka kafa a 1958 ba ta samu shugaba mace ba sai a 2024, wato Margaret Oguntala.

Sati biyu aiki yana tsaye, iyayenmu mata ba sa iya shiga gidan suna ba a yi musu habaici ba. A na uku mota ta sauke sabon bulo. Babu wanda ya ba mu haƙuri.

Ranar zuba linta, muna ɗaure igiyar takalmi, muka ji Baba ya ɗaga murya daga kan katako: "Ku 'yan gidan Malam, wata ta hau ta duba rodin nan kafin mu zuba." Muka kalli juna. Tsanin guda ɗaya ne, sai muka hau bi da bi.